Me za mu kira "less-lethal" da Hausa?

Tambaya: Jama'a, a labarai ana ta cewa "makamai marasa kisa" idan ana nufin harsashin roba, barkonon tsohuwa da bindigar lantarki irin ta Taser. Anya sunan ya dace?

Amsa ta 1: Bai dace ba, Malam, domin suna kisa. Binciken da mujallar likitanci ta BMJ Open ta buga a 2017 ya tattara mutum 1,984 da harsasan roba da makamantansu suka raunata, 53 sun mutu, 300 sun nakasa har abada. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ma sun kauce wa kiran su marasa kisa, suna kiran su "less-lethal", wato waɗanda ba su kai bindiga kisa ba, sun kuma ce in za a harba harsashin roba a auna ƙafafu ko ƙasan ciki, ban da kai da wuya. Ni na kawo "masu sauƙin kisa".

Amsa ta 2: A'a, ranka ya daɗe, Bahaushe zai ɗauka suna kashewa ne cikin sauƙi. A ce "masu rangwamen kisa". Kowa ya san rangwame a kasuwa: an rage maka, amma sai ka biya.

Amsa ta 3: Na goyi bayan rangwame. Saura wajen auna aikin makaman, inda ake cewa "inganci", alhali inganci na ƙirar kaya ne. Abin da ake aunawa shi ne ko makamin ya tsayar da mutum. Ɗauki Taser: tana harba ƙibiyoyi biyu masu waya, wutar na tafiya daƙiƙa 5. Dole dukansu su kama, da tazarar kamar santimita 30, kafin jiki ya sandare. In an harba daga kurkusa ƙibiyoyin ba sa warewa, sai zafi kawai, mutum na tsaye. Rigar sanyi mai kauri ko tufa mai burum-burum kan hana ƙibiya ɗaya isa jiki, shi ke nan wuta ta yanke.

Ƙidayar ma da rikici. A Ingila zaro Taser a nuna wa mutum ana lissafa shi cikin amfani. In ka haɗa wannan da harbi, alƙaluma za su yi kyau fiye da gaskiya. A ware: nuni daban, harbi daban. Don haka na kawo "ƙarfin tsayarwa", a gefensa kuma "yawan lahani".

Mai tambaya: Madalla. Na rubuta "makamai masu rangwamen kisa" da "ƙarfin tsayarwa". Barkonon tsohuwa yana nan da sunansa.