Neman shawara: agogon mahaifina yana karkarwa amma ba ya tafiya

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina da agogon hannu ƙirar Seiko mai aiki da batir, wanda marigayi mahaifina ya saya lokacin da yake aiki a masaƙa a Kakuri, Kaduna, lambar da ke bayan murfinsa kuma ta fara da 7546. Ya daɗe a akwati da tsohon batirinsa a ciki. Da aka sa masa sabo, sai hannun daƙiƙa ya riƙa karkarwa wuri ɗaya. Wani mai gyara ya ce a cire injin a sa sabo, amma hankalina bai kwanta ba, domin ina son ya zauna yadda mahaifina ya bar shi. Me kuke gani?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan Baba. Malam, kada ka yarda a taɓa injin tukuna. Karkarwar nan alama ce mai kyau, domin tana nuna cewa ƙwayar dutsen da ke girgiza sau 32,768 a daƙiƙa tana aiki, naɗin wayar tagulla ma yana tura wuta, ƙananan giyoyin ne suka cije saboda man da ya daskare da ƙurar da ta shiga. Injin 7546 na ƙarshen shekarun 1970 ne, yawancin kayansa ƙarfe, an yi shi ne don a kwance, a wanke, a sa mai, a mayar. Ka nemi dattijon mai gyara wanda ya saba da tsofaffin agogon da ake murɗawa da hannu, shi ne zai iya wannan aiki.

Amsa ta biyu: Na goyi bayan wannan. Sai dai a fara duba mazaunin batir, domin batirin da ya daɗe yakan zubar da ruwa ya ci ƙarfen. A sa mai ƙarfin volt 1.55 na ainihi, kuma a kiyaye kada sukuddireba ta karci wayar tagullar, ta fi gashi siranta.

Amsa ta uku: Yaya, sabon inji irin Miyota 2035 yana da araha, amma ba lallai ƙafafun fuskar agogonka da hannuwansa su dace da shi ba, sai an yanke ko an manna da gam. Idan injin ya ƙi gyaruwa, ka zaga Kasuwar Barci ko Kasuwar Sheikh Gumi ka nemi mataccen agogo mai lamba ɗaya da naka a ciri kaya. A canza robar murfi ma kafin hunturu.