Zanen yaƙi na Melton Prior: nawa ne nasa, nawa ne na mutanen Landan?

Ɗan Zango:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai tsofaffin zane-zanen yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874 da ke yawo a intanet, waɗanda aka ciro daga mujallar Illustrated London News. An ce wakilinsu mai suna Melton Prior ne ya zana. Wane ne shi? Ta yaya zanen da aka yi a dajin Gwalkwas (Ghana ta yau) yake kaiwa shafin mujalla a Landan? Kuma za a iya dogara da su wajen sanin kayan da sojoji suka sa, har da Hausawan da suka yi yaƙin?

Malam Na-Taskar:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. An haifi Prior a Landan a 1845, ya rasu a 1910. Mahaifinsa ma mai zane ne, a wurinsa ya fara koyo. Ya soma yi wa mujallar aiki a 1868, kuma yaƙin Asante shi ne na farko da aka tura shi. Daga nan sai ya zama duk inda aka ji ƙarar bindiga shi ake aikawa: yaƙin Rasha da Turkiyya a 1877, yaƙin Zulu a 1879, Masar a 1882, tafiyar kogin Nilu don ceto Janar Gordon na Ingila a Khartum a 1884 zuwa 1885, ƙasar Bama (Myanmar ta yau), sannan yaƙin Rasha da Japan a 1904. A yaƙin Buwa na Afirka ta Kudu yana cikin waɗanda aka yi wa ƙawanya a garin Ladysmith kwana 118, daga Nuwamba 1899 zuwa ƙarshen Fabrairu 1900. A can sai dai ya kwafe zane a siririyar takarda, ya ba 'yan aike baƙaƙen fata su ratsa tsakanin abokan gaba da shi.

Game da Hausawa, a raba biyu. Prior yana tare da babbar rundunar Wolseley, kwamandan sojojin Ingila, wadda ta gwabza a Amoaful ranar 31 ga Janairu 1874, ta shiga Kumasi ranar 4 ga Fabrairu. A cikinta akwai Hausawa masu harba igwa ƙarƙashin Kyaftin Rait, waɗannan yana iya ganin su da idonsa. Amma rundunar Kyaftin Glover ta ɓangaren kogin Volta ta biyo, kuma sai da Wolseley ya bar Kumasi ta iso. Zanen wannan rundunar a fagen daga kada a jingina shi ga idon Prior.

Hajiya Mai Ɗab'i:
Malam ya gama da tarihin mutumin. Bari in ɗauki batun aikin, don nan ne amsar take. Abin da kake gani a shafi ba hannun Prior ba ne kai tsaye.

Shi fensir da littafin zane yake riƙewa. Cikin gaggawa yake ja, mutum biyu ko uku a gaba ya fito da su sosai, sauran kuwa 'yan layuka ne da rubutu a gefe: nan daji ne mai duhu, nan hayaƙi, nan mutum kaza. Tangaraho kalmomi yake ɗauka, ba ya ɗaukar zane, saboda haka takardar sai ta bi ɗan aike zuwa Cape Coast, ta hau jirgin ruwa kusan mako uku.

A Landan wani mai zane na ofis ne zai sake zana ta a kan katako. Icen bokis ake amfani da shi a lokacin, wanda ake yankawa a gicciye don ya jure siririn layi, kaurinsa kaɗan ya rage ya kai inci 1, daidai da tsayin haruffan ɗab'i. Icen ba shi da faɗi, gutsure ɗaya 'yan incina ne kawai, don haka babban shafi sai an haɗa gutsattsari masu yawa an ɗaure su da noti ta baya. A shafa farin fenti sama-sama, a zana hoton a juye kamar hatimi. Babban masassaƙi ya fara yanke layukan da suka ratsa mahaɗa, sannan a kwance notin a raba wa masassaƙa da dama, kowa ya cire farin wuri ya bar layin da zai ɗauki tawada. Wani gwanin sararin sama ne, wani na fuska. In an gama a sake ɗaurewa, a danna a kakin zuma, a shafa garin bakin fensir, a sa lantarki ya lulluɓe shi da jan ƙarfe, a cika bayansa da darma. Wannan farantin ne ke shiga inji, ba katakon ba.

Inda ake samun matsala: in notin bai ɗauru ba, ko katakon ya sha danshi ya motsa, za ka ga siririn farin layi miƙaƙƙe ya ratsa hoton. Ka duba da kyau a manyan shafuka, yana nan. In kuma hannun masassaƙa biyu bai zo ɗaya ba, sai rabin sama ya fi rabi duhu.

Ɗan Zango:
Na gode Hajiya. Ke nan mai zanen ofis yana iya ƙara abin da babu?

Sajan Mai Ritaya:
Sosai kuwa, ƙanena, kuma yana ragewa. Wurin da Prior ya bar layi uku, dole na ofis ya cike shi da mutane, kuma bai taɓa taka Gwalkwas ba. Da abin da ke cikin kansa da tsofaffin zane na ofis zai cike. Fuskoki da tufafin 'yan Afirka su suka fi shan wahala a nan, sai a ba Bahaushe da Ba'asante kama ɗaya. Gawar sojan Ingila kuwa ba a son mai karatu ya gan ta a wulaƙance, sai a gyara ko a sassauta. Daga baya Richard Caton Woodville ya yi suna wajen sake zana irin waɗannan takardu. Gwani ne, amma yana son dawakai na sukuwa da takubba a sama fiye da yadda yaƙi yake. Shi an haife shi a 1856, don haka ba ya cikin aikin Asante.

Ga yadda za ka auna. Karanta rubutun ƙasan hoton: in an ce daga zanen wakili aka ɗauko, akwai shaidar ido a gindinsa. In ba a faɗa ba, kuma hoton ya fito kwana kaɗan bayan labarin ya iso ta waya, to a Landan aka ƙirƙire shi, don jirgi bai isa ya kawo takarda ba. Yarda da shimfiɗar wuri, jerin runduna, da manyan kaya kamar igwa da tanti. Kada ka yarda da maɓalli, ɗamara, ko yawan mutane.

Launi kuma ka yi watsi da shi gaba ɗaya. Baƙi da fari aka buga waɗannan shafuka, masu sayar da tsofaffin takardu ne ke shafa musu fenti daga baya. Shi ya sa za ka ga jar riga a hoton Asante, alhali Wolseley kaya masu ruwan toka ya sa aka ɗinka wa sojojin Ingila don wannan yaƙi, bindigarsu kuma Snider ce. In ka sami asalin zanen fensir ɗin a gidan adana kayan tarihi, ajiye shi gefe da shafin da aka buga, ka fara da karanta rubutun da Prior ya yi a gefen takardar.