Tambaya: Wace ƙaramar gita ta kabon faiba ce za ta iya da hunturun Jos?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sani ku taimaka min, na rasa mafita.

Hunturun bara na hau tsaunukan Shere da ke kusa da Jos da gitata ta katako, muka kafa tanti muka kwana biyu. Da na dawo gida na tarar fuskarta ta tsage daga wajen da ake ɗaure tsirkiya har ƙasa. Mai gyara ya ce bushewar iska ce ta jawo. Raina ya ɓaci ƙwarai, shekara 7 ina tare da ita.

Yanzu ina neman ta kabon faiba, wato wani abu mai ƙarfi mara nauyi da ake ƙera gita da shi maimakon katako, tunda sanyi da raɓa ba sa lanƙwasa ta. Guda biyu suka tsaya min a rai. Enya Nova Go, mai tsawon inci 35, kuɗinta da sauƙi, amma jikinta siriri ne, ina tsoron muryarta ta ɓace a fili idan iska na kaɗawa. Ita kuwa Journey OF660 ana cire wuyanta a sa a jakar goyo, sai dai tsadarta ta fi ƙarfina yanzu.

Wanda ya taɓa kaɗa ɗaya a waje da dare, yaya sautinta? Kuma yawan cire wuyan yana sa tsirkiya ta riƙa saki?