Wace kalma za mu ba wa homestead da Hausa?

Malam Habu: Salamu alaikum. Ana fassara darasi kan Jamusawan da suka yi ƙaura zuwa Nebraska da Dakota a Amurka, an maƙale a kan homestead. "Gona" ta yi kaɗan, "gida" ma haka. Dokar homestead da shugaban Amurka Lincoln ya sa wa hannu a 1862 ta ba magidanci, ko duk wanda ya kai shekara 21, eka 160, wajen hekta 65. A lokacin baƙo ma yana samu in ya rubuta niyyar zama ɗan ƙasa, ta wannan ƙofa Jamusawa suka shiga. Kuɗin takardu a wancan zamanin dala 18 ne. Sharaɗin: ka gina ɗaki, ka noma, ka zauna shekara 5, ka kawo shaidu biyu, sannan a ba ka takardar mallaka. Ka bar wurin fiye da wata 6, ka rasa shi.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. "Saran daji" fa?

Malam Isa: Hajiya, ai ba abin sara. Filin ciyawa ne fetal, itace sai bakin kogi. Rashin itacen ne ma ya sa suke gini da fatar ƙasa wadda saiwar ciyawa ta riƙe. Garma ta yanko ta, faɗin ƙafa ɗaya, kaurin inci 4, a daddatse tsawon ƙafa 2 zuwa 3, a jera ciyawar tana kallon ƙasa. Kowane sahu na uku ko na huɗu a gitta shi, in ba haka ba bangon ya dare biyu. Ɗaki mai ƙafa 16 da 20 yakan cinye kusan eka guda. Rufi ne ciwon kai: in ya sha ruwa sai ya yi ta ɗiga bayan sama ta ɗauke, in azara ba ta da ƙwari ya rufta. Jamusawan da suka zo ta Rasha daga shekarun 1870 sun fi dabara, yumɓu da ciyawa suke kwaɓawa su buga tubali, girki kuwa da busasshen kashin shanu.

Hajiya Rabi: To "gandu"? Uba da 'ya'ya ne ke aikin.

Malam Isa: Gandu gado ne, shi kuwa wannan daga ofishin gwamnati aka karɓo.

Malam Sani: Fiƙihu yana da babin ihya'ul mawat, raya mataccen fili: wanda ya raya, nasa ne. Ya yi kusa ƙwarai.

Malam Habu: Allah ya gafarta Malam, kusancin ne ke ba ni tsoro. Filin ba matacce ba ne, ƙasar Pawnee da Lakota, ƙabilun asalin wurin, ce aka karɓe. In muka ce "raya matacce" mun yanke hukunci a cikin fassara.

Malam Sani: Gaskiya ne, na janye. Amma a raba abu biyu. Wurin kansa, ɗaki da rijiya da garke can nesa da gari, "tunga" ce, mutanen Kabi da Sakkwato ba sa buƙatar bayani. Aikin kuwa "kamun gona", kamar yadda ake kama wuri a kasuwa: ka kama, bai zama naka ba tukuna. Da yawa sun kama sun saki. Farar dango ta 1874 ta share amfanin gona a Nebraska da Kansas, can yamma kuma ruwan shekara bai kai inci 20 ba, eka 160 ba ta riƙe iyali, har sai da dokar 1904 ta ba da eka 640 a yammacin Nebraska.

Hajiya Rabi: Wanda ya zauna wata 6 ya biya dala 1.25 kowace eka ya karɓi takarda fa?

Malam Sani: Shi "ya fanshi kamunsa".

Malam Habu: Madalla. Na rubuta: Dokar Kamun Gona ta 1862, mai kamun gona, tunga. Saura frontier, wato inda matsugunan baƙi suka tsaya, "bakin daji" ko "bakin iyaka"?