Me ya sa bidiyon waƙa na da bai yi kama da na yanzu ba?

Ɗan Gangare:
Assalamu alaikum. Masana harkar kyamara, ina da tambaya. In ka kalli tsofaffin hotunan Ɗan Maraya Jos ko na Shata, mawaƙi yana wuri ɗaya, kyamara tana kansa har waƙa ta ƙare. Na yanzu kuwa kafin ƙiftawar ido hoto ya sauya sau uku. Kuɗi ne ya kawo haka ko kayan aiki? Kuma matashin da zai ɗauki waƙarsa ta farko a nan Jos, me zai kiyaye?

Baban Situdiyo:
Wa alaikumus salam, ɗana. Waɗancan ba bidiyon waƙa ba ne irin wanda ka sani, shirin talabijin ne. Mawaƙi zai shiga situdiyo da kayan kiɗansa ya rera a take, a ɗauki murya da hoto lokaci guda da kyamara biyu ko uku, darakta yana zaɓar wadda za ta fita. Jos ta yi fice a wannan, domin tashar Benuwe-Filato ce ta fara watsa hoto mai kala a Najeriya a tsakiyar shekarun 1970, kafin a haɗe tashoshin a ƙarƙashin NTA a 1977.

Rashin yanke-yanke kuwa daga kaset yake. Tacewa a lokacin da injina biyu ake yi, ana kwafa daga wannan kaset zuwa wancan bi da bi. In ka ƙara wani abu a tsakiya, duk abin da ya biyo baya sai ka sake shi, kuma kowane kwafi yana rage kyan hoto. Shi ya sa ake barin kyamara ta yi ta tafiya.

Babban sauyin shi ne mamin: a gama waƙa a situdiyo, sannan a kunna ta mawaƙi yana bin baki. Da murya ta rabu da hoto, sai ya zamana ana iya ɗaukar baiti ɗaya a wuri biyar. Tashar MTV da aka buɗe a Amurka a 1981 ita ta mayar da wannan salo kasuwa.

Mai Tacewa, Dilimi:
Baba ya faɗi gaskiya. Sai dai mu namu na Hausa ta ƙofar fim ya shigo. A ƙarshen shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya mamaye situdiyoyin Kano, waƙa ta zama abin da ke sayar da fim, namiji da mace suna amsa wa juna suna sauya kaya irin na finafinan Indiya. Mawaƙin kansa ba a ganinsa, jarumi ne ke hawa muryarsa. Sai daga baya mawaƙa suka fara fitar da kundinsu da fuskarsu.

Ta ɓangaren kaya, ƙaramin kaset na MiniDV mai minti 60 ya kawo tacewa a kwamfuta, yanka ya zama kyauta. Amma faifan VCD ɗigo 352 a 288 kawai yake ɗauka, don haka duk wahalar da aka sha, hoton a dushe yake isa gida. A 2005 tashar MTV Base ta fara aiki a Afirka, YouTube ma a shekarar ya fito. A 2008 kyamarar Canon 5D Mark II ta ba masu ƙaramin jari hoton da fuska ke fita tas, baya ya yi hazo. Yanzu TikTok ya juya allon a tsaye, 9:16, kuma mai kallo ba ya jira, shi ya sa ake jefo amshi tun a daƙiƙun farko. A ganina an yi asara a nan: hannun makaɗi a kan kuntigi ya cancanci kyamara ta daɗe a kansa.

Injiniya Bukuru:
Ƙanena, ga amsar tambayarka ta biyu. Kada ka fita lokeshan sai waƙa ta kammala. In aka ƙara mata sauri bayan ɗauka, baki ba zai sake hawa ba. A sa ɗan sautin alama sau huɗu kafin farkonta, kyamara ta ɗauki sautin lasifika, da shi mai tacewa zai daidaita. Lasifikar kuma ta zauna kusa da mawaƙi, domin sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, tazarar mita 14 ta isa ta makarar da baki da firem ɗaya, wato hoto guda cikin jerin hotunan da kyamara ke ɗauka a kowace daƙiƙa. Ya rera da murya sosai, kada ya tsaya motsa leɓe kawai, jijiyar wuya tana tona asiri.

Saita kyamara a firem 25, shata, wato buɗewa da rufewar idon kyamara, a 1/50 na daƙiƙa, saboda wutar lantarkinmu 50 Hz ce, tana juyi sau 50 a daƙiƙa. In ka bar ta a 30 ko 60 a ƙarƙashin fitila mai araha, layuka za su riƙa yawo a hoton. Ƙaramin janareta ma yana jawo haka in juyinsa bai tsaya daidai ba, fitilar batir ta fi aminci. In kana son tafiyar hawainiya amma baki ya hau, ninka saurin waƙar sau biyu, ka ɗauka a firem 50, a mayar 25 wajen tacewa.

Duwatsun Shere da na Riyom sun fi kyau da sassafe ko bayan la'asar. Ranar tsaka tana sa ramin ido ya yi baƙi. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi kuwa sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA.

Ɗan Gangare:
Allah ya saka da alheri. Yaya Injiniya, in waya kaɗai ke hannu fa?

Injiniya Bukuru:
Za ta yi. Matsalarta ita ce adadin firem ɗinta yana hawa da sauka, sai ka ga farkon waƙa ya hau, ƙarshe ya zame. Kafin tacewa ka bi da hotunan ta manhajar HandBrake ka tsayar da su a 25. Kulle haske da fokas kafin ka danna, ka ajiye mawaƙi a tsakiyar allo domin a iya yanko na tsaye daga na kwance, kuma kada ka goge komai sai ka kwafe shi a wuri biyu.