Angel Santos na Guam: kujerar sanata ta ƙara shi ko ta rage shi?

Baban Ummi: Jama'a ni fa ina nan kan bakana, Angel Santos ya fi yi wa mutanensa Chamorro, 'yan asalin tsibirin Guam, amfani lokacin da yake kan titi, daga ranar da ya ci zaɓen sanata a 1994 wutar ta fara mutuwa. Wanda bai yarda ba bismillah.

Sadiq Yaro: Baba don Allah a fara daga farko, ina ne ma Guam ɗin? kuma sanata kamar na Washinton?

Malama Hauwa: A'a Sadiq. Tsibiri ne a tekun Fasifik, Amurka ta karɓe shi daga Sifen a 1898, Japan ta mamaye shi daga 1941 zuwa 1944, bayan yaƙi kuma sojan Amurka suka kwashe gonakin mutane suka yi sansani, har yau wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar ko fiye yana hannun soja. An ba mutanen tsibirin takardar zama ɗan ƙasar Amurka a 1950 amma ba sa zaɓen shugaban ƙasa, wakilinsu a majalisar Amurka ma ba ya jefa ƙuri'a idan an zo zartar da doka. Majalisar tsibirin guda ɗaya ce, mutum 15 ne yanzu, su ake kira sanatoci.

Sadiq Yaro: To ai kansila ne kenan 😂 mutum dubu 154 fa duka tsibirin, wata ƙaramar hukumar ta fi su yawa

Baban Ummi: Yauwa yaro ka taimake ni. Mutumin nan tsohon sojan sama ne, ya yi shekara 13 yana yi wa Amurka aiki, 'yarsa ƙarama ta rasu da ciwon daji sai daga baya ya ga takardun da ke nuna ruwan sha na sansanin ya gurɓata da sinadari, shi dai ya yi imani abin da ya kashe ta kenan, daga nan ya juya musu baya, 1991 suka kafa ƙungiyar fafutukar Chamorro mai suna Nasion Chamoru, suna zaman dirshan suna tsallake wayar sansanin soja ana kama su. Dokar raba wa Chamorro filaye tun 1975 aka yi ta aka jefa a durowa, sai da su Santos suka kai ƙara a 1992 alƙali Benjamin Cruz ya tilasta wa Gwamna Joseph Ada ya naɗa hukumar da za ta raba filayen. Duk wannan ba shi da kujera fa. To me kujerar ta ƙara?

Lauya Bash: Ranka ya daɗe a nan ka zame. Hukuncin kotu ba ya miƙa wa kowa fili. Naɗa hukuma daban, ƙa'idojin wa ya cancanta da yadda za a bi layi daban, kuma waɗannan sai 1995 majalisa ta zartar da su lokacin yana ciki yana matsa lamba, a watan Disamba na shekarar aka fara karɓar takardun neman fili, haya ta shekara 99 a kan dala ɗaya duk shekara. Da yana waje da sai dai ya ci gaba da ihu a bakin ƙofa wlh.

Baban Ummi: Barista ihun ne ya buɗe ƙofar ai.

Lauya Bash: Na yarda, amma wa ya shiga ya ɗauko kayan?

Malama Hauwa: Ni abin da ban yarda da shi ba a maganarka Baban Ummi shi ne wai wutar ta mutu. Wace wuta ce ta mutu, mutumin da ya riga ya yi sanata sau biyu amma a 2000 ya je ya yi wata shida a kurkukun tarayya saboda ya ƙi bin umarnin kotu na ya bar filin da ya ce na kakansa ne a garin Dededo? Ya fito kuma suka sake zaɓarsa. Wanda kujera ta lalata ba ya zaɓar gidan yari.

Baban Ummi: Malama ai lokacin ba ya kan kujerar, ya bar ta ya tafi neman gwamna a 1998 ya faɗi a fidda gwani, Carl Gutierrez ya ɗauke tikitin. Kin ga abin da nake faɗa, da ya sauka sai tsohon Santos ya dawo.

Malama Hauwa: Hmm wannan kam ka ɗan samu. Amma ba ka nuna min ranar da ya yi shiru yana majalisa ba.

Sadiq Yaro: Yana raye?

Lauya Bash: Ya rasu 2003 yana shekara 44 bayan rashin lafiya, an sa sunansa a filin duwatsun latte, ginshiƙan gidajen Chamorro na da, da ke Hagåtña babban birnin tsibirin, kuma da "Senator" a gaban sunan, Baba sai haƙuri.

Baban Ummi: Allo ba hujja ba ne. Ku duba ku gani, mutane da yawa da suka cike takarda tun 1995 sun shafe shekaru sama da ashirin suna jira, a 2017 ma ma'aikatar shari'ar Amurka ta maka hukumar a kotu wai tana nuna wariyar ƙabila, sai da aka yi sulhu aka sauya sharaɗin cancanta. Doka ɗaya daga Washinton ta fi sanatoci 15 ɗin nan ƙarfi.

Lauya Bash: To wannan laifin Santos ne ko laifin matsayin tsibirin? Ka canza muhawara Baba, dawo kan wadda ka buɗe.