Gasar kibau ta 2025: Littler ne ya ci ko Humphries?

Baban Hanifa: Salamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ke cina tun daren Alhamis 29 ga Mayu, 2025, bari in faɗe ta a nan. Gasar Premier League Darts ta bana Luke Littler ne ya ci ta, Luke Humphries kofi kawai ya ɗauka. Mako 16 ana yawo gari gari, daga Belfast har Sheffield. Littler ya lashe dare 6, ya tara maki 45, abin da babu wanda ya taɓa yi tun da aka kawo wannan tsarin a 2022. Humphries dare 3 ya ci. Sai a taru a zauren O2 na Landan a yi wasa ɗaya, a tashi 11 da 8, a ce Humphries ne zakara, a miƙa masa fam 275,000. To wata huɗun da aka yi ana tara maki, na mene ne?

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam. Ni bana na fara kallon wasan nan, don Allah wani ya warware mini yadda ake lissafin kafin in sa baki.

Malam Mai Alli: Ga shi a taƙaice, ɗan'uwa. Mutum 8 ne ke gasar. Kowace Alhamis ana haɗa su bibbiyu, wanda aka doke ya koma gefe, har a samu gwanin daren. Gwani yana samun maki 5 da fam 10,000, wanda ya kai wasan ƙarshe ya faɗi maki 3, biyun da suka tsaya a kusa da na ƙarshe maki 2 kowanne. Shi wasan kansa zagaye zagaye ne. Kowane zagaye ana fara wa mutum da 501, yana jifa da kibau uku uku ana ragewa, kuma dole kibiyar da zai rufe da ita ta shiga siririn zoben nan na bakin allo mai ninka maki biyu, ko tsakiyar allon. A daren mako, wanda ya riga cin zagaye 6 ya yi nasara. Bayan mako 16 sai huɗun farko su je Landan: na ɗaya da na huɗu, na biyu da na uku, ana neman zagaye 10, wasan ƙarshe kuma 11.

Kuma Baban Hanifa, da wannan sharaɗin kowa ya shiga tun watan Fabrairu. Littler ya san da daren O2 kafin ya jefa kibiyar farko.

Baban Hanifa: Malam, sanin doka daban, adalcinta daban. Sunanta gasar lig. A ƙwallon ƙafa Liverpool ta lashe Firimiyar bana da sauran wasa huɗu a hannu, ba wanda ya ce ta dawo ta sake karawa da Arsenal a Wembley kafin a ba ta kofi. Wanda ya fi kowa maki shi ne zakara, haka muka san lig.

Maman Walid: Yaya, tunda ka kawo ƙwallo, ai Liverpool ɗin nan ita ta zo ta ɗaya a teburin Gasar Zakarun Turai, PSG tana ta 15. PSG ta fitar da ita, ta je ta zuba wa Inter 5 babu ko ɗaya a wasan ƙarshe. Ban ji ka ce kofin na Liverpool ba ne.

Ni a Leeds nake zaune, kuma na shiga zauren daren da suka zo garinmu. Abin da talabijin ba ya nuna muku shi ne ƙara. Dubban mutane na waƙa suna buga tebura, wasu na fito da baki daidai lokacin da ɗan wasa ya ɗaga hannu, har ƙirjinka yana amsawa. Mutum yana tsaye mita 2.37 daga allo, gurbin da yake nema faɗinsa bai wuce milimita 8 ba, ko farcen ƙaramin yatsa bai kai ba. Daga inda nake zaune ban iya ganin kibiyar ma, sai a babban majigi. Humphries ne ya ci daren, shi da yake ɗan goyon Leeds United ne. Abin da na tsaya ina kallo shi ne yadda yake komawa baya bayan ya yi kuskure, ya sauke numfashi, ya dawo da jifa iri ɗaya kamar ba abin da ya faru. Wasan nan gwajin zuciya ne kafin gwajin hannu. Daren da ya fi kowane nauyi shi ya kamata ya fitar da zakara, kuma a wannan daren Humphries ya fi.

Auta: Anti, da girmamawa, dare ɗaya kowa zai iya tashi da hannun dama. Stephen Bunting ya yi mako 8 cur bai ci wasa ko ɗaya ba, ya zo Berlin a mako na 9 ya lashe daren gaba ɗaya. Shi ke nan ya fi sauran bakwai ɗin? Shi ya ƙare a ƙarshen teburi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna dare ɗaya ba ma'auni ba ne.

Maman Walid: Auta, shi ya sa Bunting bai je Landan ba. Aikin teburin ke nan, ya tace. Michael van Gerwen mai kofi 7 a gasar nan, wanda ya zarce Phil Taylor mai 6, bana bai ci dare ko ɗaya ba, teburi ya bar shi a gida. Kada ka ce makonnin nan ba su da amfani.

Malam Mai Alli: Bari in kawo abin da kowane ɓangare zai iya ja. Daga 2022 zuwa bana kaka huɗu ke nan. A 2022 Jonny Clayton ya zo na ɗaya, Joe Cullen ya fitar da shi a kusa da na ƙarshe, van Gerwen ya ɗauki kofi da 11 da 10 a Berlin bayan Cullen ya ɓarar da kibiyar da za ta ba shi gasar. A 2023 Gerwyn Price ya zo na ɗaya, van Gerwen ya doke shi 11 da 5. A 2024 Littler ya zo na ɗaya kuma ya ɗauka. Bana ya zo na ɗaya ya rasa. Sau ɗaya cikin huɗu jagoran teburi ya ɗaga kofi.

Baban Hanifa: Allah ya saka, Malam, ka yi mini aiki. Tsarin da ke hana wanda ya fi kowa kofi sau uku cikin huɗu, akwai gyara a cikinsa.

Malam Mai Alli: Ni ba haka na karanta shi ba. Wasan mako gajere ne, zagaye 6. Mai zafin farawa yana iya gamawa da kai kafin hannunka ya saki. Na Landan ya kusa ninka shi, kuma sau biyu za ka yi a dare guda. Dogon wasa ya fi tona gaskiyar ɗan wasa. Ku tuna yadda wasan ƙarshen ya tafi: Littler ya fara da 3 babu, Humphries ya rama aka je hutu 5 da 5, bayan hutu ya ci 6 Littler ya ci 3. Ba sa'a ce ta kibiya ɗaya ba. An ba yaron fili mai faɗi, an kuma fi shi a ciki. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Sannan ina da tambaya gare ka. Bara a wannan zauren Littler ya doke Humphries 11 da 7, har da zagayen da ya gama da kibau 9 kacal, wato 180, 180, 141, iyakar abin da ɗan Adam zai iya yi daga 501. Duk wanda ya kalla yana tuna daren nan. Wa ke tuna yawan makin da ya tara a teburi?

Auta: Ni ina tunawa, Malam. 40 ne, daidai da na Clayton a 2022. Bana ya ƙara 5 a kai yana ɗan shekara 18. A Cardiff ma ya sake yin kibau 9 a kan van Gerwen, a wasan ƙarshen daren. Ga kofin duniya da ya ɗauka ranar 3 ga Janairu, 7 da 3, yana da shekara 17. Duk wanda ya bi kakar nan mako mako ya san wa ya fi.

Maman Walid: Ba wanda ya ce bai fi kowa a kakar ba, ƙanena. Gwanin kaka daban, zakaran gasa daban, kuma an biya shi gwanintarsa: dare 6 fam 60,000, ga 125,000 na zuwa na biyu. Amma ku daina magana kamar wani ɗan tsintuwa ne ya kwashe kofin. Humphries shi ne na ɗaya a jerin duniya a lokacin gasar, shi ya zo na biyu a teburin, shi ya doke Littler 7 da 4 a wasan ƙarshe na kofin duniya a Janairun 2024. Da wannan nasarar ya haɗa manyan kofuna uku, na duniya da World Matchplay da wannan. Kafin shi mutum uku kaɗai suka yi haka: Taylor, van Gerwen da Gary Anderson. Na ɗaya da na biyu suka haɗu a ƙarshe, me ya fi wannan adalci?

Alhaji na Kwari: Yara, na karanta duka. Kuna ta jayayya a kan rufin ɗaki, ba ku duba tubalin ba. Mutum 8 ɗin nan, huɗu ne kaɗai suka shiga da matsayinsu a jerin duniya: Humphries, Littler, van Gerwen da Rob Cross. Sauran huɗun hukumar PDC mai shirya gasar da tashar Sky Sports ne suka zaɓo su. Mike De Decker na Beljiyam ya ci World Grand Prix a Oktoban 2024, ya doke Humphries ɗin nan a wasan ƙarshe, amma ba a gayyace shi ba. Kuɗin gasar ma ba ya shiga lissafin jerin duniya. An gina ta ne don a cika zaure a sayar da tikiti, kuma daren ƙarshe a O2 shi ne babbar kasuwarsu. Da teburi ke ba da kofi, da tun kafin mako na 16 an san mai shi, wa zai sayi kujera? Wani abin da ke damuna kuma, wanda ya ɗauki nauyin gasar kamfanin caca ne, BetMGM, sunansa na manne a ko'ina a dandalin. Ina kallo da jikokina, dole nake yi musu bayani. Ku masu ƙananan shekaru ku kalli wasan, ku bar wancan.

Baban Hanifa: Gaskiya ne, Alhaji, Allah ya ƙara girma. Amma maganarka ta ƙara mini ƙarfi. Idan don kasuwa aka ajiye daren ƙarshe, to teburin ne ɓangaren da ya fi kusa da gaskiyar wasa.

Alhaji na Kwari: A'a ɗana, teburin ma na mutanen da aka zaɓo ne, suna ta maimaita karawa da juna har mutum ya haddace su. Ko ka karɓi gasar yadda take da daren ƙarshenta, ko ka ce duka nishaɗi ne ka jira kofin duniya a Alexandra Palace a Disamba, inda ƙofa ta fi faɗi.

Ɗan Damagaram: Yanzu na gane. Abin da na ga ya rage shi ne ladan zuwa na ɗaya ya yi kaɗan. Littler ya sha wahalar wata huɗu, abin da ya samu kawai shi ne haɗuwa da na huɗu, kuma na huɗun Price ne, wanda ya ci dare 3 ya kuma yi kibau 9 sau biyu a kakar, ɗaya a kan Littler ɗin kansa a Manchester. Humphries da ya zo na biyu ya samu Nathan Aspinall. Duka wasannin 10 da 7 aka tashi, amma ni da za a ba ni zaɓi ba zan ɗauki Price ba.

Malam Mai Alli: Nan kam ina tare da kai. A bar daren Landan, amma a ba jagoran teburi damar zaɓar abokin karawarsa cikin ukun, ko a ba shi fara jifa a duk wasan da zai yi a daren. Fara jifa ba ƙaramin abu ba ne a matakin nan, domin idan kowa ya riƙe zagayen da ya fara, mai farawa ne ke kaiwa 11 da farko.

Baban Hanifa: Wannan gyara ne mai kyau, zan karɓe shi, amma bai kai inda nake so ba. A yi kofi biyu: na teburi da sunan lig, na Landan da wani suna. A rubuta Littler a na farko, Humphries a na biyu.

Maman Walid: In aka yi haka, Yaya, sai ka koma baya ka karɓe kofin Clayton na 2021, shi da ya zo na huɗu ya ɗauka, ka karɓe na Raymond van Barneveld na 2014, ka karɓe biyu daga cikin bakwai ɗin van Gerwen, na 2022 da na 2023. Ka shirya yin hakan?

Baban Hanifa: Na shirya. Van Gerwen ɗin ma zai samu na 2014 a madadi, tunda shi ya ja teburin shekarar.